Wa Zai Tsaya a Kafaɗar Hagu

Litinin, ƙarfe tara na safe

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi. Ni ne mawaƙin da kuka sani, mai jita, mai faifai bakwai, wanda ko tari ya yi a rediyo sai an bugo waya an ce a maimaita. Yarana suna ce mini Maigida. A gida kuwa Yaya ake ce mini, har Inna da ta haife ni.

Wani ɗan jarida ne ya ba ni littafin nan bara, ya ce manyan mawaƙa suna rubuta abin da ke ransu don na baya su amfana. Shekara guda yana kan firij ana ɗora masa makullai. Yau na tausaya wa na baya. Idan kun ga rubutun yana son komawa dama, hannuna ne ya gaji da jita.

Faifaina na bakwai ya fito ranar Juma'a, waƙa tara. Saura mako uku a yi taron ƙaddamarwa a babban zaure, kujera dubu da ɗari biyu. Abin da ya hana ni sakewa ɗaya ne: ban san wanda zai tsaya mini a kafaɗar hagu ba.

Bari in yi bayani. Ni da na fara waƙa idona rufewa yake, kaina kuma rariya ne, ina ƙirƙirar baiti amma ba na riƙe shi. Shekara takwas ƙanena Auta ne ke tsayawa a bayan kafaɗata ta hagu yana jefo mini kalmar farko ta kowane baiti a kunne, rabin numfashi kafin in neme ta, kamar yadda ake tuna wa mai tilawa idan ya kakare. Idan ban kama ba sai ya ba ni layin gaba ɗaya in maimaita. Jama'a suna zaton amshi kawai yake yi. Yaro ne da ya yi hadda yana ɗan sha uku, saboda haka baitocina ɗari huɗu da 'yan kai ba su cika masa ko aljihu ba. Ga kyau, ga hankali, ga iya tafiya. Ban taɓa faɗa masa ba don kada kansa ya kumbura, amma a nan dole in faɗi gaskiya.

Gida ɗaya muke, ni da iyalina a sama, shi da Inna a ƙasa. Yau kwana sittin da ɗaya ban yi masa magana ba. Ina amsa sallamarsa, iyakarta ke nan.

Talata, bayan la'asar

Yau zan rubuta yadda Tabarau ya shigo mana.

Kamfanin da ya ɗauki faifan ne ya kawo shi, wai ya gyara mini kiɗa. Mai busa sarewa ne, ya yi makarantar kiɗa shekara huɗu, yana rubuta waƙa a kan layi biyar kamar tururuwa sun hau igiyar shanya. Auta ne ya raɗa masa sunan tun ranar farko, saboda kafin ya ce komai sai ya tura tabaransa sama da yatsa. Ko sannu zai yi maka sai ya tura. Kafin yamma har mai gadin situdiyo da sunan yake kiransa. Wannan ma yana cikin baiwar ƙanena.

Ni ba na yarda a ɗauki waƙata guntu-guntu a liƙa. Kowa ya shiga ɗaki ɗaya, a kunna na'ura, a yi daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Idan an ji kuskure bayan an gama, a koma farko. Ranar farko injiniya ya ɗaga hannu daga bayan gilashi, ya ce akwai wani abu da ke shiga makirufo kamar iska na fita daga taya. Aka duba wayoyi, aka kashe fanka, sai a karo na uku aka gane raɗar Auta ce. A dandali ganga da hayaniyar mutane suna rufe ta, amma makirufon situdiyo ko yawu ka haɗiye sai ya kai ƙararka.

Tabarau ya tura tabarau ya ce abu ne mai sauƙi. Ya zaunar da Auta awa shida, Auta yana karanto baitocin daga ka, shi yana bugawa a na'ura. Washegari ya kafa mini su a kan wani ƙarfe, da manyan baƙaƙe. Aka samo wa Auta kujera a bakin ƙofa. Waƙa takwas na rera ido buɗe, kamar mai karanta labarai.

Na san ban kyauta ba. Na rubuta ne don kada a ce ban taɓa faɗa ba.

Laraba, da hantsi

Tabarau ya zo gwajin waƙa da sabuwar hula. Ba ta karɓe shi ba.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Sharhi ya fito a jarida. Ɗan jaridar nan da ya ba ni littafi, rabin shafi ya yi a kaina. Na ce wa kowa ni ba na karanta sharhi, sannan na hau sama da jaridar a hammata na rufe ƙofa. A ƙasa matata ta aro wata ta karanta wa Inna da Auta, tunda Auta bokonsa sai ya bi da yatsa.

Mutumin ya ce an wanke faifan, an goge shi, an ninke, har ba a jin ƙamshin mai shi. Ya ce muryata a waƙa takwas kamar ta wanda ya sa sabon takalmi yana tsoron taka ƙasa. Inna ta ce wannan ɗan wa ne, waye ya yi masa tarbiyya? Matata ta ce Inna ki bari, daɗin yana gaba. Ya ce amma waƙa ta tara, wadda na yi wa mahaifinmu tela, musamman baiti na huɗu, ita kaɗai ta wanke sauran. Wai shekara ashirin yana jira in faɗi gaskiya a kan kaina, sai a wannan baitin. Ya rufe da cewa yana jin hannun matashin nan mai sarewa ne a ciki, tunda sunansa ne a bayan faifan, kuma idan haka ne in riƙe shi da hannu biyu.

Auta ya ce a maimaita wajen. Ta maimaita. Ya ce a sake.

"Kai ɗan autan Inna, hadda za ka yi?"

"Amaryarmu, ai na riga na haddace. So nake in ji ko zai canja."

Shekara goma tana gidan nan, har yau amarya yake ce mata. Bai ci abincin rana ba, yaron da ko zazzaɓi ba ya raba shi da kwano biyu.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Na sake duba bayan faifan. Tsara kiɗa da baitoci: sunan Tabarau cikakke, har da na kakansa. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, godiya ga kamfani, da injiniya, da direba, da mai gadin situdiyo, da Auta.

Mai gadi ya riga shi.

Tsara baitoci, wai. Buga su ya yi a na'ura. Idan haka ne, mai guga ma shi ya ɗinka rigar.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi niyyar kada in taɓo ranar nan, amma na baya suna da haƙƙi.

Waƙar Baba ce ta ƙarshe da muka ɗauka. Sau biyar muna yi ba ta fita. Ba a yi wa uba waƙa ido buɗe. Na ture ƙarfen takardar, na ce injiniya ya san yadda zai yi da makirufonsa, a kira mini Auta. Ya taso daga kujerar bakin ƙofa inda ya kwana tara yana ƙirga allunan rufi. Injiniya ya karkata makirufon, ya sa masa wani soso. Na rufe ido. Baiti uku suka wuce kamar ruwa. A na huɗu sai ya jefo mini abin da ban sani ba. Ban kama ba, ya ba ni layin duka, ni kuwa shekara takwas abin da ya shiga kunnen nan ta baki yake fita, ba ya biyawa ta kai:

Baba ya auna ni ya yanka,
abin da ya faɗi ƙasa na ƙanena ne.
Hannu ɗaya ja, ɗaya shuɗi,
ya sa ya biyo ni, ban waiwaya ba.

Sai a layi na uku na gane abin da nake faɗa. A na huɗu muryata ta tsage, duk wanda ya ji faifan ya san wajen. Ban tsaya ba, tunda dokata ce.

Wasa ya yi niyya. Wallahi wasa, irin wanda ya saba. Ya taɓa sa ni na yabi akuyar maƙwabta a gaban taro, muka yi ta dariya a mota har direba ya tsaya a gefen hanya. Ya zaci a layi na biyu zan fashe da dariya a koma farko. Ban yi dariya ba. Da aka kashe na'ura mutumin kamfani yana goge ido, ya ce wannan ɗaukar ba mai taɓa ta. Na ce a sake, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu.

Na ja Auta zuwa matattakalar baya. Abin da na faɗa masa a can ba zan rubuta ba. Abin da ya mayar mini shi ma ba zan rubuta ba, don ya fi nawa muni.

Rigar kuwa gaskiya ce. Har yau ina tuna yadda take cizo a hammata. Hammatarsa nake nufi.

Litinin, bayan azahar

Matar nan mai shirin waƙoƙi a rediyo ta gayyaci Tabarau, shi kaɗai. Ta ce sarewarsa a waƙa ta uku kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Ta ce tsoho ya samu sabon jini. Shekarata arba'in da ɗaya, tsoho.

Ta tambaye shi kai tsaye ko shi ya rubuta baiti na huɗu. Aka yi ɗan shiru, Auta ya ce yana tura tabarau ne, ana ji ta rediyo. Sai ya ce aikin haɗin gwiwa ne, kowa ya sa hannu. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ya tsaya a tsakiya inda yabo ke zubowa.

Ni ma da aka tambaye ni shekaranjiya cewa na yi waƙa daga Allah take. Daga Allah take, amma ta kunnen hagu ta biyo.

Na yanke shawara. Idan littafin nan ya cika zan manta shi a kan teburin ɗan jaridar. Manyan mutane suna da yawan mantuwa.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Kwana sittin da tara. Mun haɗu a matattakala. Ya yi sallama, na amsa wa bango.

Laraba, bayan la'asar

Ba na wurin da wannan ya faru, amma na san yadda aka yi. Kada a tambaye ni.

Na riga na gaya wa yarana cewa da takarda zan yi taron, kuma da takarda zan yi waƙar da za mu rera kai tsaye a rediyo ranar Asabar, ba na bukatar kowa a kunnena. Tabarau ne ya lura cewa a gwaji, da an zo waƙa ta tara idona yake rufewa, idan na buɗe kuma na ɓata layi. Yau ya zo ƙofar gida ya tarar da Auta yana wanke wa Inna darduma. Ya kira shi Malam Auta, har da ɗan rusunawa. Ya roƙe shi ya koya masa yadda ake jefo kalma, don idan na kakare ya cece ni, amma kada in sani.

Ku duba ƙarfin hali. Ka ɗauke wa mutum kujera, sannan ka dawo ka ce ya nuna maka yadda ake zama a kai.

Auta ya koya masa. Kalmar farko kawai, rabin numfashi kafin lokaci, a hankali. Tabarau ya ciro ɗan littafi yana rubutawa. Ya tambaya ko sai ya koma hagu, tunda nan yake ganin Auta kullum.

"A'a, wannan don in bar wa mai ganga wuri ne. Ka tsaya inda kake, ta dama. Ta nan ya fi ji."

Ya rubuta, ya ja layi a ƙasa, ya yi godiya sau uku.

Akwai abin da ba wanda ya sani sai 'yan gidanmu. Kunnena na dama ya mutu tun ina ɗan shekara tara, wani ciwo ne ya tafi da shi. Ban taɓa bari ya fita ba. Mawaƙi mai kunne ɗaya, ku yi tunanin abin da masu sharhi za su yi da wannan. Zan goge layin nan kafin in manta littafin.

Alhamis, da hantsi

Wasa ne.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Wasa ne kawai. Zan ɗan kakare a gwaji, Tabarau ya yi raɗarsa a banza, a gane, a aiko a kira yaron. Tun safe yana zaune a inda ake ganin ƙofa, ya sa rigarsa mai kyau. Ba wanda ya aiko.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ƙarfe huɗu aka fara shirin. Ni ina can gidan rediyo, saboda haka abin da ya faru a gida labari aka ba ni.

Rediyo yana kan taga. Inna tana tsince shinkafa a faranti, matata tana kitsa wa 'yarmu kai, Auta yana kwance a tabarma ya juya baya kamar ba ya sauraro. Na yi waƙa biyu lafiya. Sai matar ta ce masu sauraro sun dame ta da saƙo, ta tara suke so.

Baiti uku suka wuce. A na huɗu babu komai. Jita tana ta zagayawa wuri ɗaya. Sai aka ji wata 'yar murya a rediyo tana cewa Baba. Aka sake ji, Baba ya auna. Na uku ya ɗaga murya har ta daina zama raɗa. Duk mai rediyo a kunne ya ji shi, mai shago da mai tuƙi da mai jinya a asibiti, kowa ya ji sai mutum ɗaya da ake yi don shi. Jita ta tsaya. Matar ta yi wata 'yar dariya ta ce bari a ji saƙonni.

Inna ta ajiye farantin. Ta tambayi Auta ta wane ɓangare yaron nan ya tsaya wa yayansa. Ya ce ina zai sani, rediyo ba ya nuna hoto.

"Ban tambayi rediyo ba."

 Matata ta ɗauki yarinyar da rabin kitso ta hau sama. Inna ta ci gaba da tsintarta, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Rigar nan da ka sa duniya take yi maka kuka a kai, kwana biyu ubanku ya yi yana haɗa ta, yana juya ƙyalle yana gwadawa. Ta yayanka kafin a sauke tukunya ya gama. Ni ina wurin. Kai ba ka san komai ba sai launi."

Lahadi, da hantsi

Kwana saba'in da huɗu. Ban sauko ba. Ana jin takuna a sama, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

An yanko wajen, yana yawo a wayoyi. Yaran layinmu idan ɗaya ya manta aike sai sauran su matso kunnensa suna Baba ya auna, Baba ya auna. Ɗan jaridar ya yi ɗan rubutu a shafin baya, ya ce yanzu an gane wanda ke riƙe da baitocin, kuma abin tausayi ne mawaƙi ya manta baiti mafi kyau da ya taɓa rerawa.

Har raɗar ma an ba Tabarau. Shekara takwas wani yana yi ba wanda ya ji, shi ya yi sau ɗaya, ya ɓata, ya shiga jarida.

Ban ci abinci ba. Wannan karon mu biyu ne.

Talata, bayan la'asar

Auta ya je ɗakin da Tabarau ke haya. Ya tarar da shi ya haɗa sarewarsa a jaka, wai zai ce wa kamfani a nemi wani, tunda shi ne ya kunyata ni, bai iya lokacin ba. Auta ya so ya bar shi a haka. Ya tsaya a ƙofa ya yi ta so. Sannan ya ce masa ba lokaci ba ne, ɓangare ne, kuma da gangan aka ɓatar da shi. Bai faɗi dalilin hagun ba, cewa ya yi kawai hagu ce, kada ya tambaya.

Tabarau ya cire tabaran gaba ɗaya. Idonsa ƙanana ne, kamar na wanda aka tasa daga barci. Bai yi zagi ba, wanda ya fi zagin ciwo. Tambaya ya yi me ya sa Auta ba zai zo ya tsaya da kansa ba, a huta. Auta ya ce ba a kira shi ba. Sai shi ma Auta ya tambaye shi me ya hana shi faɗa wa matar rediyo cewa baitin ba nasa ba ne.

"Maigida ne ya ce kada in faɗi na wane ne. Ya ce maganar gida ce."

Na faɗi haka? Ban san na faɗa ba. Tun ɗazu nake juya ta, ban gane ko rufa wa yaron asiri na yi ko hana shi na yi ba.

Gobe za su fara darasi a tsakar gida. Saura kwana huɗu.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ke nan ana wasan kwaikwayo a ƙasan tagata. Auta ya ɗauki tsintsiya a matsayin jita, ya rufe ido, yana rera waƙoƙina da muryata, har da ɗan tarin da nake yi kafin amshi. Tabarau yana bayansa ta hagu yana zufa. Matata tana kan matattakala tana dariya tana cewa Allah ya shirye ka, ɗan autan Inna.

Ya koya masa abin da ba ya rubutuwa a layi biyar. Idan zan ɓata, kafaɗata sauka take yi kaɗan. Idan na ja ƙarshen layi da tsawo, ba ado ba ne, nema nake. Kada a ba ni kalma ina cikin numfashi. Kada a taɓa ni. Idan na kama, a yi shiru a ja baya, don in ji kamar ni na tuna. Duk ya zazzage masa, bai rage ko ɗaya ba, kuma kowane ɗaya da ya fita sai da ya ji shi a ƙirji.

Yau suna waƙa ta biyar na sauko. Matata ta matsa. Auta idonsa a rufe, bai san ina tsaye ba sai da ya ji Tabarau ya daina raɗa. Ya buɗe ido, tsintsiya a hannu.

"Ba haka nake karkata kai ba," na ce.

Kwana saba'in da takwas, da wannan na buɗe baki.

"Kuma kana sa shi yana ba da kalma da wuri. Ni sai na haɗiye yawu kake ba ni."

Na aika aka sauko da jita. Na zauna a kujerar Inna, na ce Tabarau ya tsaya ta hagu, Auta ya zauna a gabana, idan an makara ya ɗaga yatsa. Muka yi waƙa tara. Sau huɗu ya ɗaga yatsa a ta farko, sau ɗaya a ta shida. A ta tara bai ɗaga ba, don ba a makara ba. Ya yi ta jira a makara. Na rera baiti na huɗu har ƙarshe, ido rufe, sannan na miƙe na ce gobe ƙarfe huɗu a sake, na hau sama.

Yaron ya iya. Abin haushin ke nan.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Yau ne taron. Na tashi da ƙarfina, na sha ruwan ɗumi, na

Ya isa haka. Na gaji da zama babban mutum, wuya ke sa wa ciwo.

Yaya bai rubuta ko wasali ɗaya a littafin nan ba. Bai ma san ya bar kan firij ba. Ni ne Auta. Wanda bai gane ba tun daga wajen ga kyau ga hankali, Allah ya ƙara masa lafiya.

Tabarau ne zai tsaya a hagu yau. Jiya Yaya ya faɗa a gaban kowa, kuma daidai ne, ni ma da ni ne shi haka zan yi. Ni an ba ni kujera a layi na biyu kusa da Inna, aikina in riƙe mata jaka. Har yanzu ba na son Tabarau. Na gwada jiya, bai yiwu ba. Mutumin kirki ne, shi ya sa.

Ɗan jarida ba zai ga littafin nan ba. Na zauna zan goge layin kunnen, sai na ga idan na fara gogewa bango biyu kawai za su rage. Amaryarmu zan ba, Yaya, ta miƙa maka bayan an tashi, ba kafin ba, kada in sake ɓata maka murya.

Yaya, abin da ke ranka ban sani ba. Takunka kawai nake ji a sama, sauran ni na ƙirƙira. Duk inda ka ga ka yabe ni, ko ka ce ba ka kyauta ba, ni na sa maka a baki, kamar yadda na saba. Wannan karon ba dole ka maimaita ba. Baitin kuwa nawa ne, ko an buga a jarida ko ba a buga ba, kuma ba wasa ba ne, ƙarya na yi da na ce wasa ne. Abin da na faɗa maka a matattakala, da abin da na yi maka a rediyo, su ma nawa ne, ba wanda ya jefo mini su a kunne. Ban kyauta ba. Ka yafe mini.

Wanda ya rubuta wannan da hannunsa, daga farko har nan, ƙaninka ne, Auta.